Gina gari a gindin tasha: abinda masu bincike suka gano, da inda ya taɓo Zariya

Ɗan yayata ne ya jawo min wannan dogon surutu. Yana digiri na biyu a fannin tsara birane a nan ABU, kuma tunda ya fara rubuta kundinsa ba mu huta ba, duk Juma'a bayan la'asar sai ya zo da laftof da wata taswirar Zariya da ya buga a babbar takarda ya shimfiɗa min a tabarma. Ranar farko na ga ya zana da'irori da jan biro, ɗaya a Kwangila, ɗaya a PZ, ɗaya a Ƙofar Doka, ɗaya a bakin get ɗin jami'a a Samaru. Na ce wannan kuma fa, ko wuraren da za a yi rusau ne? Ya ce a'a Kawu, kowace da'ira mita 800 ce daga cibiyarta zuwa bakinta, tafiyar minti goma kenan a ƙafa, kuma duk rubutun da masu bincike ke ta yi shekara talatin da wani abu yanzu, a kan abinda ke cikin wannan da'irar ne. Na ce to wa ya gaya musu mutum zai taka minti goma a ranar watan Afrilu ta Zariya alhali ga ɗan acaba na masa hon? Ya yi dariya ya ce wallahi tambayar da malaminsa ya yi masa kenan.

To bari in warware abin yadda na fahimce shi, don ni ma sai da na zauna da takardun da ya turo min a waya kafin na gane inda aka dosa. Su a rubutunsu suna taƙaita sunan da TOD, ni dai na fi son in ce gina gari a gindin tasha. Maimakon a bar gari ya yi ta yaɗo kamar kabewa, kowa ya yanki fili inda ya samu arha ya gina, sai bayan shekara ashirin a dawo ana kokawar yadda za a kai musu titi da mota, sai a juya abin. A fara shata layin sufuri, jirgin ƙasa ne ko manyan bas masu hanyarsu daban, sannan kowace tasha a mayar da ita cibiyar unguwa. Gidaje su taru kusa da ita har da benaye, shaguna a ƙasa mutane a sama, makaranta da asibiti da ofis duk a nan kurkusa, hanyar ƙafa kuma mai daɗin bi, yadda mutum zai fito gida ya taka ya hau, ya sauka ya taka ya isa, ba sai ya mallaki mota ba. Wani mai zanen gine-gine ɗan Kalifoniya, Peter Calthorpe, shi ya yayata sunan a 1993. Kuma a riƙe wannan da kyau don zan dawo kansa: magani ne da aka haɗa wa cutar Amurka, inda bayan yaƙin duniya na biyu aka baza unguwanni can bayan gari, kowane gida da makeken filinsa, har ta kai ko burodi za ka saya sai ka tada mota.

Amma aikin ya girmi sunan nesa ba kusa ba. A Japan tun 1910 wani ɗan kasuwa, Kobayashi Ichizo, ya buɗe layin jirgi daga Osaka zuwa ƙauyukan da babu wasu fasinjan kirki, kamfanin da daga baya ya zama Hankyu kenan. Bawan Allahn nan ya saye filayen gefen layin tun suna arha, ya gina gidaje yana sayarwa ana biya kaɗan-kaɗan, can ƙarshen layin a Takarazuka ya buɗe wurin shaƙatawa da gidan wasa, a tashar Umeda ta cikin gari kuma ya kafa katafaren kanti a 1929. Duk direban bas ɗin Samaru zai gane hikimar nan ba sai an yi masa lacca ba, ai asarar mai mota ita ce ya tafi a cike ya dawo wayam, shi kuwa Kobayashi ƙirƙiro wa jirginsa fasinja ya yi ta gaba da ta baya. Su kuma mutanen Kofenhegan a Danmak, a 1947 suka zana garinsu kamar tafin hannu, tsohon gari shi ne tafin, yatsu biyar layukan jirgi ne da unguwanni ke bi, tsakanin yatsa da yatsa aka bar gonaki da daji.

Ina cikin karanta wannan na ce wa yaron, kai, ai labarin Sabon Gari kake ba ni. Layin dogo na Baro zuwa Kano ya ratso Zariya ya isa Kano a 1911, shekara ta zagayo aka haɗe shi da na Legas. Daga nan Zariya ta zama mahaɗa: ƙaramin layi ya tashi daga nan zuwa tudun Jos saboda kuza, wanda aka rufe a 1957, wani kuma ya yi yamma ta Funtua da Gusau har Ƙauran Namoda a 1929. Ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwar da suka biyo jirgi daga kudu da kamfanonin Turawa masu sayen auduga da gyaɗa, duk a gindin tasha suka yi sansani, har yau muna cewa PZ alhali sunan kamfanin Paterson Zochonis ne ya manne wa wurin. Wato tasha ce ta haifi Sabon Gari, birni na can cikin ganuwarsa yana kallo daga nesa. Sai dai niyyar Turawan mulki daban take da ta Calthorpe. A tsarin garuruwa na zamanin Gwamna Lugga, mai dokar 1917, akan bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don sauro da cuta. Yadi 440 kwata ɗin mil ne, wajen mita 400, kuma abin mamaki wannan tazarar dai ita masu binciken yau ke ɗauka a matsayin tafiyar minti biyar, ƙaramar da'irar da suka fi so kowa ya kasance a cikinta. Awo ɗaya, jiya an raba mutane da shi, yau ana son a tara su da shi. Shi ya sa Zariya ta tashi gari huɗu a rarrabe, Birni da Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, kowanne da kasuwarsa da tasharsa, kuma rabin wahalar sufurinmu ta ɗinke waɗannan huɗun ce kullum safiya.

Yanzu ga inda jami'o'i suka shigo. Calthorpe mai zane ne, ya faɗi abinda yake ganin ya dace, masu bincike kuma suka ce to mu auna mu gani ko gaskiya ne. A 1997 Robert Cervero na jami'ar Berkeley da Kara Kockelman suka duba unguwannin yankin San Faransisko suka ware abu uku da ke iya canja yadda mutane ke zirga-zirga: yawan jama'a a wuri, cakuɗuwar harkoki wato gida da shago da wurin aiki a haɗe, da kuma yadda aka zana titunan. Daga baya aka ƙara biyu, nisan gidanka da tasha, da yawan wuraren buƙata da za ka iya kaiwa cikin sauƙi daga inda kake. A 2010 Reid Ewing da shi Cervero ɗin suka tattaro sakamakon bincike fiye da 50 suka tace, kuma abinda ya fito ya ɗan kunyata masu zumuɗi. Babu ko ɗaya cikin abubuwan nan da shi kaɗai yake da wani ƙarfin a zo a gani, in ka ƙara ɗaya da kashi 10 cikin 100, canjin da za ka gani a tafiye-tafiyen mutane ba ya kai kashi 4, sai an haɗa su ne suke yin nauyi. Yawan jama'a ma, wanda kowa ke ta kururutawa, da aka cire tasirin sauran sai ya zama ɗan kaɗan. Abinda ya fi rage tuƙin mota shi ne wuraren da kake buƙata su kasance a kusa. Abinda ke sa mutum ya taka da ƙafa kuwa shi ne cakuɗuwar harkoki da yawan mararraba, wato layuka gajeru masu ɓullewa, ba doguwar katanga ba da za ka bi gefenta kana zufa ba ƙofa ba kwana.

Akwai kuma wata gardama da suka daɗe suna yi wadda ta burge ni, don irin ta majalisar shayi ce. In ka ga mazauna gindin tasha ba su cika tuƙi ba, tashar ce ta canja su, ko dama masu ƙin tuƙi ne suka nemi haya a wurin? Kaza ce ta fara ko ƙwai. Da aka bi diddigi an ga duka biyun akwai, unguwa na da nata tasirin amma bai kai yadda alkaluman farko suka nuna ba. Daniel Chatman ma a 2013 ya yi bincike a gidajen da ke kewaye da tashoshin jirgi a jihar New Jersey, ya gano cewa ba kusancin jirgin ne ya fi rage mallakar mota da hawanta ba, ƙarancin wurin fakin ne da irin gidajen da wadatar bas a unguwar.

To a nan nake cewa mu yi hattara da kwafo. Su tambayarsu ita ce yaya za a raba mutum da motarsa. Mu yawancinmu ba mu da motar balle a raba mu da ita. Yawan jama'a? A shiga Tudun Wada ko Muciya a ƙirga mutanen gida ɗaya. Cakuɗuwar harkoki? Layi ɗaya za ka samu tela da mai cajin waya da kemis da islamiyya da mai niƙa da mai POS, abinda Ba'amurke ke biyan ƙwararru su zana masa mu muna da shi kyauta, har wani lokaci muna kiransa ƙazanta muna aiko masa da katafila. Tamu tambayar daban ce: nawa ne ke tafiya a kuɗin mota cikin abinda mutum ke samu, kuma hawa nawa zai yi kafin ya isa. Tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, wannan lissafin ya fito fili. Magidanci ya gudu daga hayar cikin gari ya koma can bayan Dogarawa ko Bomo don ɗaki ya fi arha, sai ya tarar abinda ya rage a haya ɗan acaba ya karɓe, shi da matarsa da yara uku masu zuwa makaranta, kowa hawa biyu zuwa hawa biyu dawowa. Wannan mutumin shi TOD za ta yi wa amfani in an yi ta don shi.

Cikin duk abinda na karanta, wanda ya fi zauna min shi ne ma'aunin Luca Bertolini, malami a Amsterdam ta ƙasar Holan, da ya fitar a 1999. Ya ce kowace tasha fuska biyu gare ta. Mahaɗa ce, ana auna ta da yawan ababen hawa da inda suke kaiwa da yadda suke zuwa a kai a kai. Kuma wuri ce, ana auna ta da yawan mazauna da ma'aikata da harkokin da ke kewaye da ita. In biyun sun yi daidai tasha ta zauna lafiya. In duka sun yi yawa fiye da filin da ake da shi, wurin na cikin matsi. In ɗaya ya rinjayi ɗaya, to abin ba zai ɗore a haka ba, ko dai raunanan ya taso ko ƙaƙƙarfan ya faɗo. Ɗauki wannan ma'aunin ka zagaya Zariya ka sha mamaki. Kwangila matsi ce tsantsa: motocin Kano da Kaduna da Funtua da Sakkwato, bas ɗin Samaru, keke, acaba, tirela, ga masu lemo da rake da tsire da 'yan kamasho na jan jakar fasinja, kowa na neman taku ɗaya na ƙasa a ƙarƙashin gada. Ba wanda ya tsara ta a haka, buƙata ce ta tara su. Tsohuwar tashar reluwe kuwa akasin haka, wurin na nan da ransa, kasuwa da shaguna da gidaje sun kewaye ta, amma mahaɗar ta yi sanyi, yara da yawa da aka haifa a gindinta ba su taɓa shiga tarago ba. Na taɓa zama da wani dattijo tsohon ma'aikacin reluwe a teburin mai shayi a wajen, na ce Baba, da can ya wurin nan yake? Ya ce ɗana, da ba ma duba agogo, kukan jirgi ne agogonmu, mai tuwo ma da shi take sanin lokacin ɗora tukunya. Ya kurɓi shayinsa bai ƙara ba.

Nau'i na uku, mahaɗa ba wuri, shi ne wanda muka ƙware a ginawa a ƙasar nan. Duk wanda ya hau jirgin Kaduna zuwa Abuja da aka buɗe a Yulin 2016 ya sauka a Idu ya san zancen, tasha ce zuƙeƙiya a gefen gari, ka sauka ka fara cinikin tasi, wani sa'in kuɗin da zai kai ka masauki ya yi kafaɗa da kuɗin tikitin. Jirgin cikin garin Abuja da aka ƙaddamar a 2018, ya tsaya a 2020, aka sake tada shi a 2024, babban ƙorafin da ake yi a kansa kenan, tashoshin ba sa inda jama'a suke. Dalilin a fili yake, injiniya na neman inda layi zai miƙe kuma diyya ta yi sauƙi, wato daji, mai tsara gari kuma sai an gama ake kiransa in ma an kira shi.

Ba mu kaɗai ba ne fa. Kuritiba ta Barazil da Bogota ta Kolambiya su ne misalan da kowane ɗalibi ke haddacewa. Kuritiba ta fara bas masu hanyarsu daban a 1974 zamanin magajin gari Jaime Lerner, kuma ta ɗaure dokar gini da layin bas ɗin, dogayen benaye a bakin layi, kana nisa suna gajarta, har daga jirgin sama ana gane inda layin ya bi. Bogota ta buɗe nata, TransMilenio, a Disambar 2000, tana kwasar jama'a ba kaɗan ba, amma nazarin Bankin Duniya na 2013 da Cervero ke cikin marubutansa ya nuna an fi damuwa da kwashe mutane da sauri da arha, an jera tashoshi a tsakiyar manyan tituna, ba a haɗa aikin da tsarin gine-ginen gefen ba. Ita ma Kuritiba ɗin da ake yabo, benayen bakin layin masu hali ne suka fi shiga, masu motoci a gareji, talakan da ya fi buƙatar bas ɗin yana can gefen gari yana doguwar tafiya. Wannan shi ke ci wa masu bincike tuwo a ƙwarya har yau: ka kawo tasha, fili ya yi tsada, haya ta tashi, wanda aka yi abin dominsa ya tattara komatsansa.

Wanda ya kawo mu maganar filaye, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙar. Tasha na ƙara wa filin gefenta daraja, wannan bincike da yawa sun tabbatar, kuma dillalan filaye ba su jira bincike ba. Tambayar ita ce aljihun wa ƙarin ke shiga. A Hong Kong gwamnati ce ke da filayen, sai ta ba kamfanin jirgin, MTR, damar gini a kan tashoshi da gefensu a farashin kafin zuwan jirgi, kamfanin ya haɗa kai da magina a yi benaye da kantuna a raba riba, ribar ta koma gina layi. Mu ma a takarda muna da makamin, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna amana. A aikace kuma kowa ya san yadda ake yi. Tun ana raɗe-raɗin inda layi zai bi masu ido da kunne a sama sun aiko an saye gonakin, manomi ya karɓi kuɗin da yake gani da yawa, a zagaye wurin da bulo a rubuta ba na sayarwa ba ne, a bar shi ciyawa na fitowa shekara goma ana jiran farashi. Ko kuma a gina gidan mai da filaza mai filin fakin a gaba, gini a jikin tasha amma ya juya mata ƙeya, wanda su masu binciken ma suna da sunan zolaya da suke kiran irinsa, wai maƙwabcin tasha. Layin zamani na Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a Yulin 2021, mai kilomita 203, ta Zariya zai bi. Ni abinda ya dame ni da shi ba launin ginin tashar ba ne. Wa ke riƙe da filin da ke cikin mita 800 ɗinta, an shata layuka da kwalbatoci da filin makaranta da na kasuwa tun kafin a fara gini ko sai an cushe, an ware wa keke da bas wurin lodi a bakin ƙofa ko za a bar su su yi ta faɗa da masu gadi, kuma akwai fulotai ƙanana da malamin firamare zai iya saya? Hukumomi irin KASUPDA mai tsara birane da KADGIS mai rajistar filaye a jihar Kaduna, da su reluwe da ƙananan hukumomi da masarauta, in ba su zauna a tabarma ɗaya tun yanzu ba, dillalai ne za su tsara unguwar. Ga cibiyar koyon fasahar sufuri ta ƙasa, NITT, a hanyar Basawa tun 1986, ga sashen tsara birane a Samaru, ba masana muka rasa ba.

Sai maganar da'irar nan da muka fara da ita. Wata Asabar na ce wa yaron ya naɗe taswirarsa mu je mu taka ta da ƙafa. Muka tsaya a Kwangila wajen ƙarfe goma na safe, ya kunna agogon waya muka nufi kowace kusurwa minti goma goma. Ta wani ɓangaren mun yi nisa sosai don layin a miƙe yake kuma akwai inuwar rumfuna. Ta wani kuwa minti huɗu muka ɓata a tsaye muna jiran tsallaka titi, tireloli na wucewa, kusa da mu wata baiwar Allah da goyo a baya, yaro a hannun dama, buhun masara rabi a ka, ta sa ƙafa ta janye ta sa ta janye har sai da wani ɗan yuniyan ya shiga tsakiyar titi ya ɗaga hannu ya ce Hajiya wuce. Wani wurin katanga ce ta tare mu sai da muka zagaya, wani wurin kwata ce ta cika ta malalo, aka jera duwatsu ana tsallake ɗaya-ɗaya, a rani kenan fa, balle Agusta. Da ya dawo ya zana iya inda ƙafarmu ta kai, da'irar ta koma kamar ƙosan da yara suka gatsa ta gefe uku. Masu binciken sun san da wannan, suna bambanta nisan tsuntsu da nisan ƙafa, amma mafi yawansu a ƙasashen sanyi suka yi awon, kan matafiyi ɗaya mai jakar ofis da ke zuwa aiki ya dawo. Matar can ba aiki ɗaya ta fito ba, daga asibiti take za ta kasuwa ta biya gidan suna ta ɗauko yaro a islamiyya, kuma bishiyar dalbejiya ɗaya a bakin hanya na iya ƙara mata mita ɗari da za ta yarda ta taka.

Kuma acaba da nake tsokanar yaron da ita, da keke napep, ashe ba abokan gabar tsarin ba ne, su ne ke faɗaɗa da'irar. A Holan kekuna ke wannan aikin, tashar Utrecht kaɗai na da wurin ajiye keke 12,500 da aka kammala a 2019. Mu namu masu kai mutum bakin tasha suna nan birjik, sun san kowane lungu, suna da shugabanni da layin lodi da tikitinsu, abinda suka rasa shi ne a zana su a cikin taswira tun farko a ba su wuri, maimakon a gama gini sannan a fara korarsu daga bakin get. Legas da ta fara BRT, wato bas masu hanyarsu daban, a 2008 da Darussalam ta Tanzaniya a 2016 duk sai da suka zauna da masu motocin haya na da, don ba a shigo da sabon tsari a kan titin da wani ke ci da iyalinsa a yi kamar ba ya nan.

Wani abu da yaron ya nuna min a taswirar wanda na shekara ina gani ban lura ba: hanyar Sakkwato daga PZ ta Kwangila da Palladan da Zango da Samaru har asibitin Shika, kusan duk manyan wuraren da ke jan jama'a a jere suke a kanta kamar carbi, kasuwa a wannan kai, kwalejin jiragen sama a tsakiya, jami'a da asibitin koyarwa a wancan kai. Da safe 'yan makaranta da ma'aikata da masu jinya na yin Samaru da Shika, 'yan kasuwa da masu sayayya na yin Sabon Gari, mota na samun lodi zuwa da dawowa, abinda Kobayashi ya kashe dukiya ya ƙirƙira. Kuma tsohon layin Ƙauran Namoda na nan kwance ta bayan Samaru, shi ya ba Hayin Dogo sunanta. Na ce masa to me zai hana ka rubuta kundin naka a kan wannan, ɗan jirgi mai tarago biyu ko uku yana kai da kawowa tsakanin reluwe da Shika? Ya ce Kawu wannan ai sai digiri na uku, yanzu dai malaminsa ya ce ya sake zana duk da'irorin da ƙafa, ya bar na biro. Asabar mai zuwa Ƙofar Doka za mu, ya ce in taho da lema da ruwa a gora.